Yunwa da Ƙwaƙwalwa: Tunawa da Sarrafa Tunani a Wurin Masu Ciwon Ƙin Cin Abinci

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wannan karin magana ya ƙunshi gaskiyar da masana kiwon lafiya suka tabbatar ta hanyar awo, domin kuwa ƙwaƙwalwar ɗan'adam, duk da cewa nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, tana cinye kimanin kashi 20 cikin 100 na kuzarin da jiki ke ƙonawa a lokacin hutu. Ke nan duk abin da ya taɓi abinci ya taɓi tunani. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda tunawa da sarrafa tunani suke kasancewa a wurin masu ciwon da likitoci ke kira anoreksiya nabosa, wato ciwon da ke sa mutum ya ƙaurace wa abinci da kansa har ya rame matuƙa.

Abin da maƙalar za ta nuna shi ne, wannan ciwo ba ya shafe rumbun sani, ba ya kuma rage basira yadda ake zato. Abin da yake yi shi ne ƙuntata tunani da sandarar da shi. Har ila yau, da yake da kalmomi ake auna yawancin waɗannan abubuwa, za a nuna cewa masana harsunan Nijeriya suna da hannu a cikin al'amarin.

2.0 Ma'anar Ciwon da Taƙaitaccen Tarihinsa

Likitan Ingila Richard Morton ya bayyana wasu matasa biyu, budurwa da saurayi, a shekarar 1689, waɗanda suka ƙanjame ba tare da zazzaɓi ko tari ba. Sai dai a shekarar 1873 ne Sir William Gull a birnin Landan ya laƙaba wa ciwon sunan da ake kiransa da shi yanzu, a shekarar da Charles Lasègue ya bayyana shi a birnin Faris. Asalin kalmar anoreksiya daga Girkanci ne, kuma ma'anarta ita ce rashin sha'awar abinci. Wannan suna yana da ruɗarwa, domin yawancin masu ciwon suna jin yunwa, danne ta kawai suke yi. Saboda haka ne a wannan maƙala aka zaɓi a kira shi ciwon ƙin cin abinci. Fassara shi da "rashin cin abinci" kan haɗa shi da abin da zazzaɓi ko fatara ke jawowa, alhali kuwa ba abu ɗaya ba ne.

Alamominsa manya guda uku ne. Na farko, taƙaita cin abinci har nauyin jiki ya faɗi ƙasa da abin da ya dace da shekaru da tsawon mutum. Na biyu, tsananin tsoron ƙiba, ko kuma dagewa kan halayen da ke hana nauyi ƙaruwa. Na uku, gurɓatar yadda mutum ke ganin jikinsa, ko kasa gane haɗarin ramar da ya yi. Ciwon ya fi kama 'yan mata a shekarun balaga, amma yana kama maza. Ba kuma ƙaramin ciwo ba ne. Nazarin da Arcelus da abokan aikinsa suka yi a shekarar 2011, wanda ya tattaro sakamakon bincike masu yawa, ya nuna cewa mace-mace a tsakanin masu ciwon ya kusa ninka na tsaransu sau shida, kuma ɗaya daga cikin biyar na waɗanda suka rasu kashe kansu suka yi.

3.0 Rabe-raben Tunawa

A maganar yau da kullum akan ce wane yana da ƙwaƙwalwa, ko wance tana da mantuwa, kamar dai tunawa abu ɗaya ne dunƙulalle. Masana halayyar ɗan'adam sun karkasa ta gida-gida. Akwai tunawar aiki, wadda Baddeley da Hitch suka fasalta a shekarar 1974, wato riƙe bayani na ɗan lokaci yayin da ake sarrafa shi, kamar riƙe farkon doguwar jimla har a kai ƙarshenta. Akwai tunawa da aukuwa da kuma tunawa da sani, waɗanda Tulving ya rarrabe a shekarar 1972. Ta farko ita ce tuna abin da ya faru da mutum a wani wuri da wani lokaci, ta biyu kuwa ita ce sanin ma'anar kalmomi da gaskiyar abubuwa. Mutum ya san ma'anar "kasuwa" ba tare da ya tuna ranar da ya koyi kalmar ba, amma tuna abin da ya saya a kasuwa ranar Laraba wani aiki ne dabam.

Bayan waɗannan akwai jagorancin tunani, wanda ya ƙunshi tsara aiki, da kame kai, da sauya akala idan hali ya sauya. Wannan rarrabewa tana da muhimmanci, domin ciwon ƙin cin abinci ba ya taɓa waɗannan sassa daidai wa daida.

4.0 Abin da Yunwa ke yi wa Ƙwaƙwalwa

Kafin a ɗora wa ciwon alhakin komai, ya kamata a san abin da yunwa ita kaɗai ke yi wa lafiyayyen mutum. Mafi shaharar bincike a kan wannan shi ne wanda Ancel Keys ya jagoranta a Jami'ar Minnesota ta Amurka tsakanin 1944 da 1945, aka kuma buga sakamakonsa a shekarar 1950. An zaɓi samari lafiyayyu 36 waɗanda suka ƙi shiga yaƙi saboda aƙidarsu, suka kuma amince a yi gwajin da su. Bayan makonni 12 suna cin abinci ƙoshi, sai aka rage musu abincin zuwa kimanin rabi har tsawon makonni 24, suka rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu.

Abin da ya biyo baya abin lura ne. Hirarsu da karatunsu da mafarkinsu duk suka koma kan abinci. Wasu suka shiga tara littattafan girke-girke, wasu suka riƙa jan ɗan abincin da aka ba su na tsawon lokaci. Suka zama masu saurin fushi da son kaɗaici. Sun kuma yi ta kukan cewa sun kasa tattara hankalinsu, fahimtarsu ta ragu. Amma da aka yi musu gwajin basira, ba a ga raguwar a-zo-a-gani ba. Wato basirar tana nan, hankalin ne yunwa ta mamaye. Wannan darasi shi ne mabuɗin fahimtar duk abin da zai zo a gaba.

Na'urorin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa sun ƙara haske. A shekarar 2022 wata ƙungiyar masana ta duniya mai suna ENIGMA ta kwatanta hotunan ƙwaƙwalwar masu ciwon 685 da na lafiyayyu 963. An tarar ɓawon ƙwaƙwalwar masu ciwon ya ragu a kauri, wasu sassan ciki kuma sun ragu a girma. Amma raguwar ba ta kai haka ba a wurin waɗanda suka fara murmurewa, abin da ke nuna cewa yawancinta tana komawa idan jiki ya samu abinci. Daga cikin abubuwan da ke faruwa a jikin mai ciwon akwai hauhawar sinadarin kotisol, wanda jiki ke fitarwa a lokacin matsi, da faɗuwar sinadaran haihuwa na mata. Duka biyun suna da tasiri a kan hifokamfus, wato sashen ƙwaƙwalwa da ke adana sababbin aukuwa.

Akwai kuma haɗari na musamman. Ƙarancin tiyamin, wato bitamin B1, yana iya jawo ciwon da Carl Wernicke ya bayyana a shekarar 1881. Masana harshe sun san wannan suna, domin shi ne likitan da a shekarar 1874 ya danganta wani sashe na ƙwaƙwalwa da fahimtar magana. Alamomin wannan ciwo su ne ruɗewa, da tangaɗi, da rikicewar motsin ido. Idan ba a yi gaggawar magance shi ba, yakan zarce zuwa mantuwa mai ɗorewa da ake dangantawa da sunan Korsakoff, inda mutum ke kasa riƙe duk wani sabon abu. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa dole mayar da mai tsananin rama kan abinci ya kasance a ƙarƙashin kulawar likita.

5.0 Abin da ya Tsira da Abin da ya Taɓu

5.1 Basira da Rumbun Kalmomi

Nazarin da Lopez da Stahl da Tchanturia suka yi a shekarar 2010 ya nuna cewa basirar masu ciwon, a jimlace, tana daidai da ta sauran jama'a ko ma sama da haka. Sanin kalmomi da ma'anoninsu, da gina jimla, da karatu, galibi ba su taɓuwa. Wannan ne ya sa akan samu ɗaliba mai ciwon tana ci gaba da cin jarrabawa alhali jikinta yana ƙarewa, iyaye da malamai kuma su ɗauka cewa tun da karatu bai ja baya ba, babu abin damuwa. Fasahar baki a nan tana iya zama labule. Abin da akan gani a lokacin tsananin rama shi ne nawa wajen sarrafa bayani, da gajiyar hankali, da raunin tuna zane ko siffar da aka gani.

5.2 Karkatar Hankali ga Kalmomin Abinci

A shekarar 1935 John Ridley Stroop ya fito da wani gwaji mai sauƙi. Ana rubuta sunan wani launi da tawada mai wani launin, alal misali kalmar "ja" da koren tawada, sai a nemi mutum ya faɗi launin tawadar. Ma'anar kalmar takan yi masa katsalandan, sai ya ɗan jinkirta. A shekarar 1988 Channon da Hemsley da de Silva suka yi amfani da kalmomin abinci a irin wannan gwaji, suka tarar masu ciwon sun fi jinkiri wajen faɗin launin waɗannan kalmomi. Ma'anar kalmar ce ke fizge hankalinsu ba da son ransu ba. Haka kuma a shekarar 1998 Hermans da Pieters da Eelen suka nuna cewa idan aka ba masu ciwon jerin kalmomi, sun fi tuna waɗanda suka shafi abinci da nauyi da surar jiki a kan sauran. Ke nan tunawar ba ta mutu ba, ta koma hidimar abu ɗaya ne.

5.3 Tunawa da Tarihin Kai

Williams da Broadbent sun tsara wani gwaji a shekarar 1986 wanda ake ba mutum kalma kamar "murna" ko "kunya", a nemi ya kawo wata aukuwa guda daga rayuwarsa. Lafiyayye zai iya cewa, "Ranar da aka yi walimar saukar karatuna." Wani kuwa sai ya ce, "Duk lokacin da aka yi biki." Amsa ta biyu jumlatacciya ce, ba ta da rana, ba ta da wuri. Nandrino da abokan aikinsa sun nuna a shekarar 2006 cewa masu ciwon ƙin cin abinci sun fi ba da irin wannan amsa, ko kalmar ta farin ciki ce ko ta baƙin ciki, kuma abin yana ƙaruwa gwargwadon daɗewar ciwon. Bayanin da suka bayar shi ne, guje wa takamaimiyar aukuwa hanya ce ta guje wa motsin zuciyar da ke tare da ita. Illar wannan a bayyane take, domin da abin da ya wuce ne mutum ke auna abin da ke tafe, ya kuma nemi mafita idan ya shiga matsala.

5.4 Sauya Akala da Hangen Gaba Ɗaya

An ce idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A nan ne raunin masu ciwon ya fi fitowa fili, musamman manya. A gwajin katunan Wisconsin, ana ba mutum katuna masu launi da siffa da adadi daban-daban, ya jera su bisa wata ƙa'ida da zai gano da kansa. Bayan ya yi daidai sau goma a jere, sai a sauya ƙa'idar ba tare da an sanar da shi ba. Masu ciwon sukan daɗe suna bin tsohuwar ƙa'ida ko da ana ta gaya musu sun yi kuskure.

Na biyu shi ne nutsewa cikin ƙananan sassa har a kasa ganin abu gaba ɗayansa. Idan aka ba su wani sarƙaƙƙen zane da André Rey ya tsara a shekarar 1941 su kwafa, sukan fara da ƙananan layuka maimakon babban tsarin zanen. Idan aka ɗauke zanen aka ce su sake shi da ka, sai su kasa tuna da yawa daga cikinsa. Abin lura a nan shi ne, matsalar ta faro ne daga yadda aka shigar da bayanin, domin abin da aka ajiye a warwatse yana da wuyar ɗaukowa. Wannan hali shi ne ake gani a rayuwarsu ta yau da kullum, wajen ƙidayar loma, da bin tsari ɗaya na cin abinci, da ƙura wa wani sashe na jiki ido.

6.0 Sanadi ne ko Sakamako?

Tambayar da ke biyo baya ita ce, shin yunwa ce ta haifar da wannan sandarewar tunani, ko kuwa tana nan tun farko? Hujjoji sun nuna cewa duka biyun suna da kaso. Nawa da raunin tattara hankali sukan yi sauƙi idan nauyi ya dawo. Amma Holliday da abokan aikinta sun tarar a shekarar 2005 cewa 'yan'uwa mata na masu ciwon, waɗanda ba su taɓa kamuwa ba, su ma suna da wahalar sauya akala fiye da sauran mutane. Bugu da ƙari, binciken ƙwayoyin gado na shekarar 2019, wanda ya ƙunshi masu ciwon 16,992, ya gano wurare takwas a cikin ƙwayoyin halitta masu alaƙa da ciwon, ya kuma nuna dangantakarsa da yadda jiki ke sarrafa abinci. A ɗaya ɓangaren, raunin sauya akala bai cika fitowa a wurin yara da matasa masu ciwon kamar yadda yake fitowa a wurin manya ba, abin da ke nuna cewa daɗewar ciwon tana ƙara shi. Saboda haka gano ciwon da wuri yana da babban amfani.

Bisa wannan fahimta ce Kate Tchanturia da abokan aikinta a asibitin Maudsley na Landan suka tsara wata hanyar horar da tunani, inda ake ba majinyaci ƙananan ayyuka, kamar taƙaita doguwar wasiƙa cikin jimla ɗaya, ko bayyana wa wani zane da baki domin ya zana, sa'annan a tattauna yadda ya yi tunanin. Wannan hanya mataimakiya ce kawai. Tushen magani shi ne mayar da jiki kan abinci, tare da sa hannun iyali idan majinyacin matashi ne.

7.0 Matsayin Harshe a Wajen Awo

An daɗe ana ɗaukar wannan ciwo a matsayin na Turawa. Amma Sing Lee ya bayyana a shekarar 1993 cewa da yawa daga cikin majinyatansa a Hong Kong ba su ambaci tsoron ƙiba ba, kumburin ciki da makamantansa suke kawowa hujja. A shekarar 2004 kuma Bennett da abokan aikinsa suka binciki ɗalibai mata 668 a makarantun sakandare na ƙasar Gana, suka samu goma waɗanda ramarsu ta samo asali daga hana kai abinci, kuma da kalmomin addini da kamun kai suka bayyana dalilinsu. Ke nan ciwon yakan ari bakin al'ummar da ya shiga.

Wannan ya kawo batun awo. Gwaje-gwajen da aka ambata an gina su ne a kan Ingilishi ko Faransanci, kuma fassara su kalma da kalma ba ta wadatarwa. Misali na farko shi ne maimaita jerin lambobi, wanda da shi ake auna tunawar aiki. Baddeley da abokan aikinsa sun nuna a shekarar 1975 cewa mutum yana riƙe abin da zai iya furtawa cikin kimanin daƙiƙa biyu ne, Ellis da Hennelly kuma suka nuna a shekarar 1980 cewa masu harsuna biyu a Wales sun fi riƙe lambobi da Ingilishi, domin na harshensu sun fi tsawon furuci. A Hausa, daga ɗaya zuwa tara kowace lamba gaɓa biyu gare ta, alhali a Ingilishi ɗaya ce tak mai gaɓa biyu. Idan aka auna Bahaushiya da ma'aunin Ingilishi, ana iya ɗora mata raunin da ba ta da shi.

Misali na biyu shi ne gwajin zubo kalmomi, inda ake neman mutum ya kawo kalmomin da suka fara da wani harafi cikin minti ɗaya. A Ingilishi an saba da F da A da S. A Hausa kuwa harafin M yana da yalwa ta daban saboda ɗafa-goshin ma-, wanda ke samar da manomi da makaranta da mabuɗi da ire-irensu, sa'annan akwai buƙatar a yanke hukunci kan k da ƙ, da s da sh, da t da ts. Misali na uku shi ne gwajin Stroop, wanda ya dogara da saurin karatu, don haka sai an san ko da boko mutum ya saba ko da ajami. Haka nan nauyin kalmomin ya bambanta. A al'adar Bahaushe "ƙiba" takan zo da ma'anar lafiya da jin daɗi, "rama" kuwa takan nuna jinya ko damuwa. Kalmar da ke razana majinyaciya a Landan ba lalle ne ta razana ta Katsina ba.

8.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa ciwon ƙin cin abinci yana barin basira da rumbun kalmomi kusan yadda suke, amma yana karkatar da hankali ga abinci, yana dusasar da takamaimiyar tunawa da tarihin kai, yana kuma wahalar da sauya akala. An ga cewa babban kaso na wannan aikin yunwa ne, kuma yakan gyaru idan jiki ya murmure, ko da yake wani kaso yana da saiwa a gado da daɗewar ciwo. An kuma nuna cewa ma'aunan da ake gano waɗannan abubuwa da su ma'aunan harshe ne. Likita ya san jiki, amma tsawon gaɓa da yawan aukuwar kalma da nauyinta a zukatan masu harshe fagen masanin harshe ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Samar da jerin kalmomin gwaji da Hausa da sauran harsunan Nijeriya, tare da daidaita sunayen waɗannan cututtuka, aiki ne da ke jiran sassan nazarin harsuna da na koyon aikin likita su haɗa kai a kansa.